Dalilin da Aka Gwada a Jikina

A shekara ta arba'in da ɗaya bayan shekarar da fara ta cinye geron ƙasarmu, wadda a cikinta aka haife ni, ranar wata Laraba da hantsi, ƙanena Jatau ya sa ƙafa ya rushe katangar da ya yi kwana uku yana ginawa, saboda na ce masa ta karkace. Ta karkace ɗin kuwa. Ina zaune bisa buzu a inuwar zaure ina karatu. Ban ɗaga kai ba lokacin da na faɗa masa, ban kuma ɗaga ba lokacin da ta zube.

Inna tana bakin ɗakinta tana tsince wake. Ta dube shi yana huci cikin ƙura, ta dube ni, sannan ta ce, "Tanimu, ciki ɗaya, nono ɗaya, akushi ɗaya. Kai kamar ruwan randa, shi kamar bakin murhu. Ka cinye littafi ɗari huɗu. Gaya mini abin da ya raba ku kafin in mutu."

Littattafan ɗari uku da saba'in da biyu ne, amma ban gyara mata ba, don ba ni da amsar tambayar. Na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce zafi da sanyin jiki ne, wasu sun ce iskar wurin da aka haifi mutum, wasu nono, wasu taurari. Duk sun iya bayyana abin da ya raba mutumin gabas da na yamma. Ba wanda ya iya bayyana mutum biyu da aka haifa a ɗaki ɗaya, ungozoma ɗaya ta yanke musu cibiya. Sai a gefen wani tsohon littafi da gara ta ci rabinsa na ga an rubuta da ƙaramin hannu cewa a bayan Tekun Toka akwai ƙasar Kirzamu, a cikinta akwai Zauren Dalili, inda malamai suka shekara ɗari uku ba su da wani aiki sai wannan tambaya. A lokacin Inna ta haura saba'in, ta kuma fara rabar da tasoshinta ga jikoki. Na rataya gafakata na fita.

Ba zan tsawaita da labarin hanya ba. Na ratsa ƙasar da ake ɗaure inuwa a turke kafin a shiga kasuwa, na ƙetare kogin da ke komawa baya ranar Talata, na yi wata huɗu ina rubuta wa wani sarkin masunta wasiƙun sulhu zuwa ga kifaye. Bayan shekara ɗaya da rabi na isa bakin Tekun Toka. Toka ce zalla mai zafi, tana motsi kamar kunu a kan wuta, ba jirgin da ke shigarta. Masu haƙar kanwa da ke zaune a gaɓa suka gaya mini sau ɗaya a shekara bakwai takan huce ta daskare na kwana sittin, a taka ta da ƙafa, daga nan ta sake narkewa da duk abin da ke kanta. Na taki sa'a, ta daskare kwana tara bayan isowata. Kwana goma na yi ina tafiya kafin na taka ƙasar Kirzamu.

Kirzamu dutse ɗaya ce babba. Garuruwa uku ne a jikinta, ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu tafiyar yini, fadar Magajiya kuma a ƙololuwa.

Na ƙasa shi ne Kwari, mutanensa duk a sunkuye suke. Suna sunkuyawa in za su gaisa, suna sunkuyawa in za su saya, na ga wani dattijo ya sunkuya wa akuya don ta ba shi hanya. A duk Kirzamu in yaro ya yi ladabi sai a ce kamar ɗan Kwari. Matar da ta sayar mini da fura ta sunkuya sau uku, ta miƙo mini ƙwarya wadda ruwanta ya fi furarta. Wani kuma ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya shaida mini cikin murya mai laushi cewa hancina kamar mariƙin ludayi. Da na zo shiga masauki sai na ji gau a goshi. Na auna ƙofar, iya ƙirjina take. Na zaga garin, duk ƙofofin haka suke. Wani tsoho ya ce a zamanin da akwai raƙuma marasa gwiwa a kwarin, su kan shiga ɗakuna su ci jinka daga ciki, sai kakanni suka rage ƙofofi don raƙuman ba sa iya duƙawa. Wata shekara guguwa ta kayar da su duka, ba wanda ya iya tashi, irinsu ya ƙare. Shekara ɗari biyu ke nan.

Garin Tsakiya kunnena ne ya riga idona isa. Na zaci yaƙi ake yi, ashe wata mata ce ke rarrashin jaririnta. In aminai biyu suka gaisa a can sai ƙura ta zubo daga indararo. An san su da masifa, ba a son haɗa hanya da su. Amma yini guda na yi ban ga an ɗaga wa kowa hannu ba, mutumin da ya biyo ni yana daka mini tsawa, jijiyoyin wuyansa a waje, alƙalamina da ya faɗi ya kawo mini. Bayan kasuwarsu akwai wani baƙin dutse mai sulɓi, tsayinsa ya kai rimi biyar, a gindinsa wani kwarmi busasshe inda mata ke shanya kalwa. Na tambaya, aka amsa mini har kunnena ya yi ƙara cewa a da ruwa ne ke faɗowa daga can sama, ruguginsa ana jin shi daga tafiyar yini, ya ƙafe tun zamanin kakannin kakanni.

Mutanen Tudu kuwa a kaikaice suke tafiya kamar ƙaguwa, da wutsiyar ido suke duban mutum. Sauran garuruwan sun ce maciya amana ne, don wanda ba ya fuskantarka akwai abin da yake ɓoyewa. Lungunan garinsu tsage-tsagen dutse ne, ba mai wucewa sai da gefe, amma ko sun fito fili haka suke ci gaba da tafiya. Na manta gafakata a bakin rijiya, mutum uku suka biyo ni da ita a kaikaice, ko zare ba a taɓa ba.

A kwana na goma sha huɗu da daskarewar tokar na shiga Zauren Dalili. Kewayayyen gini ne, ƙofarsa ta isa raƙumi ya shiga da mahayinsa. Abin da na fara gani takalma ne rataye a bango, jere bisa jere har rufi, wasu sun ruɓe sai igiya. Malamai arba'in suna zaune, ba mai takalmi a cikinsu. Magajiya Ladingo, wata 'yar tsohuwa mai idon shaho, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce in zauna in ji.

Sai wani mai ƙaton ciki, Malam Kwasau, ya miƙe ya fara bayani. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma duk halin ɗan Adam daga rijiyarsa yake. Ruwan Kwari nauyi gare shi, shi ke jan kai ƙasa. Ruwan Tsakiya kanwa ce ta yi masa yawa, tana tasowa maƙogwaro ta buɗe murya. Ruwan Tudu a karkace yake gangarowa, don haka masu shansa suke karkacewa. Ya daɗe yana magana, sau biyu yana fita kama ruwa yana dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Na yi haƙuri iyakar haƙurina. Amma ni mutum ne da ba ya iya ganin katanga ta karkace ya yi shiru. Daga inda nake zaune, ba tare da na ɗaga murya ba, na ce ba ruwa ba ne, ƙofa ce, da lungu, da wancan busasshen dutse. Na ce kowane hali magani ne da aka yi wa wata cuta, cutar takan wuce maganin ya zauna, 'ya'ya su yi ta sha ba su san na mene ne ba.

Wanda ke kusa da ni ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙanka, baƙo."

Magajiya ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta ta ce, "Dalili ka kawo ke nan?"

Na ce, "Shi ne, ranki ya daɗe."

Ta ɗaga yatsa. Dogarai biyu suka zo suka cire mini takalma, suka rataye su a bango.

Wanda ya yi mini addu'ar, Malam Sallau, shi ya ja ni gefe ya karanta mini doka. Duk wanda ya kawo dalili a wannan zaure, a jikinsa ake gwadawa, kuma ba ya barin ƙasar sai ya tabbata. Magajiya ta farko ce ta kafa dokar, don ta gaji da malamai masu gwada tunaninsu a kan 'ya'yan mutane. Malam Kwasau shekararsa ashirin da ɗaya yana shan ruwan rijiyoyin uku bi da bi, tulu biyu kowace rana, bai sunkuya ba, bai karkace ba, ciki kawai ya samu. Shi Malam Sallau ya ce hali zanen dutse ne, a jini yake, daga kakanni ake gadonsa. Sai aka shiga yi masa sabon kaka kowace shekara, wannan daga Kwari, na baɗi daga Tudu, a gani ko halinsa zai sake. Kakanninsa goma sha huɗu ne a raye, kowace Juma'a yana zagawa ya gaishe su ya kai musu goro, uku daga cikinsu ya girme su. Akwai wani can a lungu da ya ce taurari ne. Shi hukuncinsa a sake haihuwarsa a ƙarƙashin wani tauraro dabam, ungozomomi na taruwa kowane wata suna shawarar yadda za a yi, mahaifiyarsa kuma ta ce sam.

Nawa gwajin kwana talatin ne, goma a kowane gari har da tafiya. In halayen uku suka kama ni, a ba ni takalmana. Na ƙirga: talatin a kan goma sha huɗu, ranar hukunci, uku na gangara, goma na ƙetare toka. In komai ya tafi daidai zan taka gaɓar can da saura kwana biyu cikin sittin ɗin tokar, ɗaya daga ciki masu kanwa sun ce kada a dogara da shi. In bai tafi daidai ba, shekara bakwai, Inna kuwa tasoshinta ba su kai bakwai ba lokacin da na fito. Na ce a raina wannan mai sauƙi ne, ranar hukunci sai in kwaikwayi halayen. Malam Sallau, kamar ya ji ni, ya ce ba a gwada mutum yana sane.

A Kwari aka sauke ni gidan wani mai tufka igiya, Bagudu. Kwana uku na farko na fasa goshi sau goma sha ɗaya. A na biyar wuyana ya fara duƙawa tun ƙofa tana nesa. A na takwas na kama kaina ina sunkuya wa zakara. Da hankalina ya kwanta, in ba don mai masaukina ba.

Bagudu ɗan Kwari ne gaba da baya, shekararsa hamsin da 'yan kai, kuma bai taɓa sunkuyawa ba. Da safe in zai fita sai ka ji gau, ya ja da baya, ya dafa bango, ya zura ƙafafu gaba ya sulale waje yana kallon sama. Da yamma in ya dawo, gau. Goshinsa ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi mai gwiwa. Matarsa ta ajiye ƙoƙon man kaɗanya a bakin ƙofa, tana shafa masa ba tare da ta katse hirarta ba. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Malam, ubana ya sunkuya, kakana ya sunkuya, 'ya'yana duk suna sunkuyawa. Ni in na zo ƙofa sai in ji wuyana ya ƙi."

Na ce to me zai hana ya ɗaga ƙofar, ai aikin yini ɗaya ne.

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "In ɗaga ƙofa? A Kwari? Me mutane za su ce?"

Na zauna ina kallon yadda yake cizon igiya yana ja da haƙori in ta ƙi shi, na tuna Jatau. Na kuma gane cewa ga dalilina nan da rami a tsakiyarsa, ramin yana tufka igiya.

Tsakiya ta fi ba ni wuya, don tunda nake ban taɓa ɗaga murya ba. Kwana uku ina roƙon abinci ba wanda ya san na yi magana. Matar mai masaukina tana ganin bakina na motsi ta zaci zikiri nake, ta hana yara su dame ni. A rana ta huɗu yunwa ta yi abin da littafi bai yi ba, na tattara duk ƙarfina na ce tuwo. Ta juyo da murna ta sanar da unguwa cewa baƙo ya fara raɗa. Kafin kwana goma su cika ina ciniki a kasuwa kamar kowa. A Tudu kuma duwatsu suka kwashe fatar kafaɗuna biyu kafin jikina ya yarda ya juya.

Ranar hukunci na shiga zaure ba takalmi, na zauna inda na zauna da farko, ina lura da kowace gaɓa ta jikina, ina jiran a ce tashi ka yi tafiya, ko buɗe baki ka yi magana. Magajiya ko dubana ba ta yi ba. Aka saurari wani malami mai cewa gashin kai ne, aka saurari ƙorafin ɗaya daga kakannin Malam Sallau kan ƙanƙantar goro. Rana ta take tsaka. Sannan tana ɓarar gyaɗarta ta ce, kamar mai maganar farashin barkono, majalisa ta ga ba a yi gaggawa a sha'anin ilimi, don haka an ɗage gwajin baƙo zuwa baɗi war haka.

Ban tuna tashina ba. Abin da aka ba ni labari daga baya shi ne na ratsa wannan faffaɗan zaure a kaikaice, kafaɗa gaba, na duƙa a ƙarƙashin bakan ginin da tsayinsa ya yi mutum uku, na tsaya gaban Magajiya ina dubanta da wutsiyar ido, ina sunkuyawa a ƙarshen kowace magana. Muryata kuwa ta girgiza bango har takalma suka riƙa zubowa kan malamai. Na ce uwata tana can tana rabar da tasoshinta. Na ce su mutum arba'in ne marasa aikin yi, shekara ɗari uku sun kasa abin da goshina ya gano a yini ɗaya. Na faɗi wasu abubuwa game da cikin Malam Kwasau da ba zan maimaita ba. An ce har ƙafa na ɗaga zan shuri kwandon gyaɗar.

Da numfashina ya ƙare na ga Magajiya ta cire yatsu daga kunnuwanta. Ta dubi malamai ta ce, "Sun kama shi, duka ukun."

Malam Kwasau ya miƙe da takalmin wani mamaci a kafaɗarsa, ya ce a dakata. Ya tafa hannu, aka shigo da Bagudu. Wannan ne karo na farko da Bagudu ya ratsa ƙofa ba abin da ya same shi, sai ya tsaya a ciki yana shafa goshi kamar wanda ya manta wani abu a gida. Malam Kwasau ya ce ga mutum nan, shekara hamsin ƙofa ɗaya tana dukansa safe da yamma bai sunkuya ba. In ƙofa ce ke sa sunkuyo, to baƙo ya zauna har ranar da Bagudu zai sunkuya. Malamai suka kaure da gardama, kowa na jawo ruwansa da jininsa da gashin kansa, har rana ta faɗi aka tashi ba hukunci. Kwana ɗayan da nake taƙama da shi ya tafi.

Washegari da sassafe na roƙi izinin magana. Na so in yi ta a hankali, amma tsuntsayen da ke rufi suka watse. Na ce, "Ranki ya daɗe, a jikin wa doka ta ce a gwada dalili?"

Ta ce a jikin wanda ya kawo shi.

Na ce to an gwada a jikina ya tabbata. In kuwa yau za a fara gwada dalilin mutum a jikin wani, ni ban ƙi ba, amma adalci shi ne a yi wa kowa. A ba duk mutumin Kirzamu tulu biyu na ruwan Malam Kwasau kowace rana, a raba wa kowa kakanni goma sha huɗu, a kuma gaya wa matan ƙasar su shirya sake haihuwar 'ya'yansu. Dogaran da ke bakin ƙofa suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu ya dafa cikinsa.

Magajiya ta ce doka doka ce, a sauko wa baƙo da takalmansa. Ana nemansu cikin tarin da ya zube sai ta yafito ni, ta rage murya ta ce ba don hukunci ba, don kanta take tambaya: shi Bagudu fa, me ya hana shi?

Na dube shi yana tsaye ƙiƙam a tsakiyar zaure, goshi na sheƙin man kaɗanya. Na ce, "Ban sani ba, ranki ya daɗe."

Da muryar Tsakiya na faɗa, kowa ya ji. An ce shekara ɗari uku ba a taɓa furta wannan magana a zauren ba, ba a ma san babin da za a sa ta ba. Malam Kwasau ya yi wuf ya ce wannan sabuwar da'awa ce, dole a gwada ta a jikin mai ita, a mayar da takalman bango. Magajiya ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta jefa gyaɗa a baki.

Ta ce, "Wannan an gama gwada ta, Malam. Ga ta nan a fuskarsa."

Malam Sallau ya raka ni har bakin ƙofa yana roƙo in tafi da kaka ko biyu, ya ce akwai masu sauƙin hali, ba sa cin abinci da yawa. Na sunkuya na ba shi haƙuri, na gangara da gudu.

Kwana tara tokar ta riƙe ni. A na goma ta fara tsagewa, hayaƙi na fitowa, abin takawa ya rage sai wasu siraran kunyoyi kamar na gonar gyaɗa. Wani bafatake da muka taho tare ya tsaya yana neman inda zai sa ƙafa biyu a jere, ni kuwa jikina ya juya da kansa na bi kunya a kaikaice, na ce ya kama rigata ya yi yadda nake yi. Da gaɓa ta bayyana, tsakaninmu da ita toka ta riga ta zama kunu, masu kanwa kuma suna can nesa kamar tururuwa. Na kira su sau ɗaya. Suka zo da igiya da dogayen itatuwa, ɗaya yana tambaya ko aradu ce ta faɗi. Sunkuyon bai amfane ni da komai ba a ranar, amma na yi shi.

Shekara uku da wata biyu bayan fitata na iso ƙofar gidanmu da la'asar. An sake gina katangar, ta kuma karkace. Zaurenmu dogo ne, amma na duƙa, na shiga a kaikaice, na yi sallama. Kaji suka haye danga, jaririn maƙwabta ya tsala kuka. Jatau ya fito da taɓarya a hannu, ya tsaya ya dube ni, sannan ya ajiye ta a hankali.

Ya ce, "Yaya, sannu. Me ya yi zafi haka? Zauna ka sha ruwa."

Inna tana bakin ɗakinta tana tsince wake a tasa ɗaya da ta rage mata. Ta rame, amma idonta na nan. Bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe na zauna gabanta da gefe na ba ta labari tun daga raƙuma marasa gwiwa har zuwa takalma, unguwa duk tana ji daga gidajenta. Na gaya mata abin da ƙofa ke yi wa wuya da abin da lungu ke yi wa kafaɗa. Na gaya mata labarin Bagudu, ban ɓoye ba. Na ce na samo abin da ya raba gari da gari, amma abin da ya raba ni da Jatau ban samo ba.

Ta ce ita fa ta yi tambayar ne don in ƙyale yaron nan ya yi gininsa, ba don in bar gari ba. Amsa kuwa ai ta daɗe da saninta.

Ta ce, "Shi Jatau a shekarar fara na goya shi. Babanku ya tafi ci-rani, ni ina bin gidajen masu hali ina dakau. Daga safe har yamma kansa na bugun bayana, taɓarya sama, taɓarya ƙasa. Yaya ba zai yi zafi ba? Kai kuwa a zaune na goya ka ina kaɗi, ko girgiza ba ka sani ba."

Jatau ya gyaɗa kai, da alama ya gamsu. Na yi niyyar in yi shiru. Na dubi katangar, na dubi ƙasa, na cije leɓe. Sannan na matsa kusa da kunnenta don in raɗa mata.

"Inna, ai ni aka haifa shekarar fara."

Daga bayan katanga wata tsohuwar maƙwabciya ta amsa, tana kiran Inna da sunanta, "Gaskiyarsa, Tabawa. Ni na riƙe miki shi ranar da taɓarya ta fasa miki yatsa."

Inna ta ajiye tasar. Ta ƙirga shekaru da yatsu, ta kai ƙarshe, ta sake farawa daga ɗan ƙaramin. Ta dubi Jatau, ta dube ni.

Ta ce, "Haka ne fa. Kai na goya ina dakau, shi ina kaɗi."

Ta ɗauki tasar, ta tsinci tsakuwa ɗaya daga cikin waken ta jefar.

"To, ai shi ya sa."